Shaidu Biyu A Kan Ginin Sama

Jama'a masu karatu, wannan mako za mu ɗaga kai sama. Masana taurari sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya biliyan 13.8. Hasken da ya taso tun yana da shekara 380,000 ya nuna cewa a lokacin kome a shimfiɗe yake, bambancin wuri da wuri kamar ɗaya cikin 100,000 ne. Amma a yau garkunan taurari sun jeru kamar saƙar gizo-gizo, da filaye fayau a tsakaninsu. Ƙarfin jan nauyi ne ya tattara su. To, da wane sauri?

Shaida ta farko ita ce cunkoso. Tun 2021 na'urar DESI da ke Arizona ta Amurka take auna nisan miliyoyin garkuna, kuma yadda suke gangarawa wajen da aka fi taruwa yana nuna saurin ginin. Sai dai yawancin nauyin na wani ɓoyayyen abu ne marar haske, wanda Fritz Zwicky ya yi ishara da shi a 1933.

Shaida ta biyu ita ce siffa. Garkuna da yawa suna da siffar ƙwai, kuma tsininsu yakan fuskanci inda nauyi ya taru, kamar ciyawar da ruwa ya kwantar. Ban da wannan, ɓoyayyen nauyin yakan lanƙwasa hasken da ya ratsa ta kusa da shi, har siffar garken ta ɗan karkace a idonmu. An fara auna wannan karkacewa a faɗin sama a 2000. A da ana ɗaukar jeruwar garkunan a matsayin ƙura mai ɓata awo; yanzu ita ma hujja ce.

Abin da ke kan mizani babba ne. In saurin ginin ya saɓa wa lissafin da Einstein ya kawo a 1915, lalle akwai gyara. Shekaru da dama awon siffa yana nuna cunkoson bai kai abin da kumbon Planck ya nuna ba. A 2025 masu binciken KiDS, da madubinsu ke Chile, suka sake awo da ƙarin garkuna, sai lissafin biyu ya daidaita.

Darasin a fili yake: mai neman gaskiya ba ya yanke hukunci da bakin shaida guda, ba ya kuma gaggawa. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.