Ogunde da Motar 'Yan Wasansa

Jama'a, in ana zancen 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari, Hubert Ogunde nake fara kawowa. Ɗan sanda ne, ya tuɓe kaki a 1946, ya loda makaɗa da 'yan rawa a babbar mota, suka shiga duniya. Ƙarfin halinsa ne ke burge ni. Da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan kwal 21 a Inugu a 1949, sai ya shirya Bread and Bullet, wasan da hukuma ta hana nunawa a Kano. Bai ja da baya ba. A 1964 wasansa Yoruba Ronu ya fusata gwamnatin Akintola ta Yankin Yamma, ta haramta wa ƙungiyarsa yin wasa a yankin, sai a 1966 soja suka ɗage takunkumin.