Kuɗin Rigar Saƙi Gida Nawa Yake Shiga?

Yau maganata a kan tufa ce.

Ku dubi rigar saƙi guda ɗaya. Manomi ya noma auduga, tsohuwa ta kaɗa zare, marini ya tsoma shi a baba, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya yi mata aska takwas, mabugi ya buge ta. Gida shida ke nan suka ci tuwo da kuɗinta. In kuwa yadin ƙasar Sin ka saya, ban da ribar ɗan kasuwa, saura duk ya haye teku.

Da Bature Barth ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta cewa tufafinmu har Tumbuktu da Tarabulus ake kai su. Yau fa? Je ka karofin Ƙofar Mata, ka ƙidaya ramukan da suka bushe.

Na san za a ce saƙi da tsada. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Mu akawuna da malamai masu albashi, in kowannenmu ya ɗinka rigar Salla ɗaya ta saƙi kowace shekara, ɗan masaƙi ba zai guji gadon ubansa ba.

Allah ya sa mu gane, amin. Sai mako mai zuwa.