KIMIYYA DA FIM: Makaho ma ɗan kallo ne

Da yawa daga 'yan kallo ba su san cewa makafi ma manyan masoya fim ba ne. Su da kunne suke kallo: murya kawai za su ji su gane jarumi, waƙa kuwa wani lokaci sai su riga mai ido haddacewa. Matsalar tana farawa ne in makaho ya zura faifan DVD a kwamfuta.

Makaho yana sarrafa kwamfuta ne da manhajar da ke karanta masa rubutun allo da murya. Akwai JAWS, ta kuɗi ce, akwai kuma NVDA ta kyauta, wadda Michael Curran, wani makaho ɗan Ostireliya, ya fara a 2006. To amma jerin zaɓin da ke fitowa a farkon faifan DVD ba rubutu ba ne, hoto ne. Nan fa manhajar za ta yi gum, kiɗa na ta maimaituwa, bawan Allah bai san inda zai danna ba, sai ya jira mai ido.

Mafita ita ce kwafe fim ɗin daga faifai ya koma fayil. Manhajar HandBrake, wadda ta fito a 2003 kuma kyauta ce, tana wannan aikin. Da kanta takan zaɓo babban fim ɗin ta bar tallace-tallace, kuma tana da sigar da ake ba umarni da rubutu zalla, wadda NVDA ke karantawa tas. Abin lura shi ne wajen zaɓen sauti. Wasu faifan Turai da Amurka suna da layi na musamman, inda wata murya ke bayyana abin da ke faruwa idan 'yan wasa sun yi shiru. In ba a zaɓe shi ba, an bar shi a faifai. Sannan HandBrake ita kaɗai ba ta buɗe makullin da manyan kamfanoni ke sa wa faifansu.

To, furodusoshin Kano da satar fasaha ta daɗe tana cinye wa jari za su ce ai wannan ma gurzar fim ce. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya sayi faifai da guminsa yana son ya ji shi, da wanda ya buga dubu ya kai kasuwa.

Da 'yan fim za su riƙa sa muryar bayani a finafinansu, da sun ƙara kwastomomi, sun kuma samu lada.