Hoton Allo: Haƙƙin Mai Fim da Amanar Mai Kallo

Tun daga lokacin da faifan sola ya fara hawa rufin shagunan caji da gidajen kallo a Dambatta da Makoda da Bichi da Tsanyawa, har ya zamana wanda ya wuni yana huɗa ko noman firi ba ya jiran wutar gwamnati kafin ya huce gajiya a gaban talabijin, sai wata 'yar na'ura ta shigo ƙauyukanmu ba tare da shela ba, wato ɗan akwatin nan da ake jona wa talabijin ta baya, ya sha intanet daga wayar mai shago, ya kawo shirin da aka so a sa'ad da aka so. Tare da ita kuwa wata mas'ala ta shigo wadda a ganina ta cancanci masu hankali su zauna a kanta, ita ce ɗaukar hoton abin da ke kan allo, wanda samari ke kira sikirinshot.

Wanda ya gwada ya san cewa galibin rimot ɗin waɗannan akwatuna ba su da maɓallin yin haka, sai dai a sa wata manhaja ta dabam ko a haɗa da kwamfuta, kuma ko an yi hakan, in fim ɗin na Netflix ne ko makamancinsa daga dandalan da ake biya, abin da zai fito baƙin fili ne ƙirin. Wannan ba lalacewar na'ura ba ce, da gangan aka yi. Fim ɗin yana zuwa ne a kulle, makullin da ake kira Widevine, wanda Google ta saya a 2010, yana buɗe shi a wani ɓoyayyen sashe na na'urar ya miƙa wa allo kai tsaye, ta yadda manhajar ɗaukar hoto ba ta samun abin kamawa. Igiyar HDMI da ke haɗa akwatin da talabijin ma tana da nata tsaron, wanda kamfanin Intel ya ƙirƙira. Amma shirye-shiryen YouTube na kyauta yawanci ba a kulle suke ba.

Ba zan ga laifin masu kullewa ba, domin mun ga abin da ya sami sana'ar fim a Kano. Daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 har zuwa zamanin da kasuwar Ƙofar Wambai ke cika maƙil da dillalan kaset da faifai, mutane dubbai sun ci abinci da ita, sai ga shi 'yan dawunlodin sun mayar da fim ɗin da aka kashe dukiya da watanni a kansa abin turawa cikin memori da kuɗin da bai kai na ƙosai ba, har kasuwar faifai ta durƙushe, masu shiryawa suka koma Arewa24 da YouTube da dandali irin Northflix, inda Labarina da Izzar So da ire-irensu suka samu wurin numfashi. Shari'a ba ta yi shiru a nan ba: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disambar 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce mai alfarma wadda bai halatta a keta ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ita ma ta hana fasa irin waɗannan makullai. Wanda ya kwafi fim sukutum ya sayar ba da izini ba ya ci haƙƙin bayin Allah, ko da kuwa ya kira abin sana'a.

Amma fa wanda ya karyi zangarniya ɗaya don ya nuna wa maƙwabci irin geron da ake magana, ba a haɗa shi da wanda ya fasa rumbu. Hoto guda tsayayye ba ya hana kowa sayen fim, bal ma sau da yawa shi ke jawo mai kallo, kuma dokar nan da na ambata ta bar ƙofa ga amfani na adalci, kamar nazari da sharhi da ba da labari. A ƙasa irin tamu, inda gona ke manne da gona, kowane taƙi yana da mai shi, taki da iri kuma su ne jarin gida, buƙatar hoton allo ta fi ta nishaɗi nauyi. Masana aikin gona na Samaru ko na gonar binciken IITA da ke Minjibir sukan yi bayani a shirin noma, sunan irin wake kamar SAMPEA 20-T, wanda aka fitar a ƙarshen 2019 don jure tsutsar da ke huda kwanso, ya gifta a allo cikin ƙiftawar ido, ko adadin maganin da za a zuba a tankin feshi saboda tsutsar masara da ta ɓulla a 2016. Dattijon da ya iya ajami amma boko bai zauna masa ba, ba shi da wata dabara illa ya miƙa waya ya ɗauki allon, hoton ya fito dishi-dishi, ya kai wa mai shagon magani, a yi ta kirdadon lambar. Kuskure a ma'aunin guba ba ƙaramin abu ba ne ga amfanin gona, balle ga mai feshi. Saboda haka ina ganin wajibi ne masu shirya irin waɗannan darussa su bar muhimmin rubutu ya daɗe a allo, da manyan baƙaƙe, masu sayar da akwatunan a Kano kuma su riƙa nuna wa mai saye yadda ake tsayar da shiri da mayar da shi baya.

Sai dai abin da ya fi damuna ba makulli ba ne, domin babu makullin da zai hana kyamarar waya kallon allo. Abin tsoro shi ne hoton da aka yanke daga mahallinsa. A tsayar da fim daidai inda mayafin wata 'yar wasa ya zame, ko inda wani malami yake kawo maganar da zai warware a jumla ta gaba, a ɗauka, a rubuta abin da aka ga dama a ƙasa, kafin sallar isha'i ya zaga zaurukan WhatsApp na garuruwa goma, alhali babu wanda ya san daga wane shiri ne, yaushe aka yi, me aka faɗa kafinsa. Mutuncin Musulmi yakan zube ta wannan hanya, aure ya girgiza, almajiran malamai biyu su daina gaisawa, wanda ya tura kuma yana ganin bai yi ƙarya ba tun da hoton na gaske ne. Malamanmu na hadisi ba su karɓi riwaya ba sai da isnadi, masu kwafar littattafai a zaurukan Kano da Katsina sukan rufe aiki da ambaton mawallafi, aya ta 6 ta Suratul Hujurati kuwa ta ɗora mana binciken labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Hoton allo riwaya ce, hukuncin riwaya ya hau kansa.

Don haka ina roƙon kamfanonin fina-finan Hausa, in sun kulle cikakken fim, su riƙa fitar da hotunansa na halal ga mai so. Ina kuma roƙon limamanmu na Juma'a su taɓo wannan babi a huɗuba, masu gidajen kallo su tsawata wa yaransu. Kai kuma mai karatu, in za ka tura hoton allo, rubuta sunan shirin da tasharsa da ranarsa. In an turo maka wanda ba shi da waɗannan, kuma akwai mutuncin wani a ciki, kada ya wuce wayarka.