Wa zai buɗe zuciya ga mai riƙe da makulli?

A ranar 20 ga Disamba 2014 jami'an tsaro suka shiga garin Girbidig, a jihar Arewa Mai Nisa, suka kwashe almajirai daga makarantun allo. Yara 84 aka kai Marwa, aka ajiye su a gidan kula da yara na gwamnati har wata shida, ba tuhuma ba shari'a. Ƙungiyar Amnesty International ta ce 47 daga cikinsu ba su kai shekara goma ba, har da 'yan shekara biyar. Alhali dokar Kamaru da kanta ta ce yaron da bai kai shekara goma ba ba a kama shi da laifi. Sai a Yunin 2015, bayan an yi surutu, aka fara mayar da su gida.

Ba shari'ar wancan kame na zo yi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ɗaukar maganin abin da ya biyo baya. Da zarar an ce an tura masanin halayyar ɗan adam gidan da ake tsare da yara, sai kowa ya wanke hannu, wai an yi abin da ya dace. Jama'a, mun taɓa tambayar shi masanin ko aikin da aka ɗora masa mai yiwuwa ne?

Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta Amurka ta bayyana tun 1992 cewa warkewa daga firgici hawa uku ce. Da farko mutum ya samu aminci, sannan ya iya tuna abin da ya same shi ya yi jimaminsa, daga bisani ya koma cikin mutane. Ba a tsallake hawa na farko. To ina aminci ga yaron da bai san ranar fitarsa ba, bai san ko uwarsa ta san inda yake ba, kuma ƙarar takalmin mai gadi da dare tana tuna masa da daren da aka ƙone ƙauyensu? Mai magani zai zauna da shi awa guda, ya lallaɓa har jikinsa ya daina rawa, sannan a mayar da shi ɗakin da ya sa shi rawar. Wannan ai zuba ruwa a kwando ne.

Inda gizo ke saƙar kuwa shi ne batun sirri. Maganin nan ba allura ba ce, magana ce, kuma dole yaro ya faɗi abin da ya gani da abin da aka sa shi ya aikata. Amma kwana uku kacal bayan kamen Girbidig, a ranar 23 ga Disamba 2014, aka sa hannu kan dokar yaƙi da ta'addanci wadda ta tanadi hukuncin kisa, ta kuma ba kotun soja hurumi. Saurayin da Boko Haram ta sace yana yaro, ta ɗora masa bindiga, ba wawa ba ne. Ya san cewa abin da zai sauke masa nauyi in ya faɗa, shi ne kuma zai iya zama shaida a kansa. Yana kallon littafin da masanin yake rubutu a ciki, yana tunanin wa zai karanta shi gobe. In ya yi shiru a ce ya taurare, in ya yi magana ya ɗaure kansa. Shi kuma masanin yana tsaka mai wuya: ya yi alƙawarin sirrin da ba shi da ikon karewa, ko ya faɗa wa yaron gaskiya ya rasa shi.

Ga kuma harshe. An yi karatu da Faransanci a Yawunde, yaro kuma Kanuri yake ji, ko Mafa, ko Larabcin Shuwa. Sai an nemi tafinta, kuma in aka ɗauko shi daga cikin masu gadi, an gama.

Na san amsar da wasu za su bayar, don muna jin ta daga masu bugo waya a rediyo: waɗanda aka kashe wa iyaye ba su ga likita ba, sai waɗannan? Ciwonsu gaskiya ne, kuma su ma haƙƙinsu ne a duba su. Amma yaran nan ba za su tabbata a kulle ba. Gwamnati ta kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin al'umma a Nuwamban 2018, da cibiya a Mora, kuma bayan mutuwar Shekau a 2021 masu miƙa wuya sun yi ta kwarara zuwa Meri. Wata rana za su fito, su yi acaɓa, su ci kasuwa a Marwa da Garwa da nan Gider, su nemi auren 'ya'yanmu. Wanda ya fito da wutarsa ba a kashe ba, a unguwarmu za ta ci.

Shi kansa mai maganin fa, wa ke duba shi? Mutumin da ke kwasar labarin yankan rago daga safe har yamma yana komawa gida da shi, barci ya gagare shi. A ƙa'idar aikin, ya kamata ya sami babba a fannin da zai riƙa zama da shi yana sauke masa kaya. Idan kwangilar ƙungiyar da ta ɗauke shi ta wata shida ce, ranar da yaro ya fara sakin jiki ita ce ranar da kuɗin ya ƙare, a sake kawo sabuwar fuska, a ce yaro ya faro labari daga farko.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabon gini. A rubuta a doka cewa abin da yaro ya faɗa a ɗakin magani ba ya zuwa teburin mai bincike. A raba tafinta da mai gadi. A gaya wa kowane yaro ranar da za a duba batunsa, a bar uwarsa ta zo ta gan shi. Kuma ɗan shekara biyar, don Allah, a mayar da shi gidansu tun daren farko.