Jirgin ƙasa na wasa a ƙaramin ɗaki: a auna hannun yaro kafin a auna bango

A Jamus, Ingila, Faransa, Amurka da Japan akwai wani nishaɗi da ya haura shekara ɗari: mutum ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo cikin gidansa, da tasha da gada da tuddai, jirgi yana bi da ƙarfin lantarki. Kayan wasan nan sun fara shigo mana ɗaya ɗaya, wasu cikin tsarabar ƴan uwa da ke ƙetare, wasu ta sayen intanet. Tambayar farko da mai saye ke cin karo da ita ita ce: wane ma'auni? Yawanci akan amsa cewa tun da ɗakin ƙarami ne, a ɗauki mafi ƙanƙanta. A ganina wannan amsa ba ta dace da gidajenmu ba, kuma ita ce hanya mafi sauri ta zubar da kuɗi.

Ma'auni a nan shi ne abin da ake kira eshel a lakwal, wato sau nawa aka rage abu daga ainihin girmansa. Uku ne suka shafi mai ƙaramin ɗaki. HO an rage shi sau 87, faɗin layinsa milimita 16 da rabi, kuma shi ya fi yaɗuwa a duniya. N an rage shi sau 160, layinsa milimita 9. Z, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, an rage shi sau 220, layinsa milimita 6 da rabi. Taragon fasinja irin na Turai mai tsawon mita 26 da ɗoriya yana komawa santimita 30 a HO, 16 da rabi a N, 12 a Z. Mutum mai matsakaicin tsayi kuwa santimita 2 ne a HO, a Z bai kai santimita guda ba.

Masu goyon bayan N suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a faɗe ta. Abin da ke cin wuri shi ne kwana. Kafin jirgin HO ya kewayo, yana buƙatar da'ira mai faɗin santimita 72 aƙalla, ke nan katako na santimita 85 zuwa 90. N yana juyowa cikin santimita 40. Tsarin da ya cinye tebur guda a HO bai kai kashi ɗaya cikin uku na wurin ba a N. Shi ya sa a Japan, inda gidaje ke da matsi, N ne ya fi kasuwa.

Sai dai Tokyo ba Damagaram ba ce. Jirgin nan yana shan wutarsa ne daga ƙarfen layi ta ƙafafunsa. Da ƙura ta shiga tsakani, wuta ta yanke, jirgi ya tsaya cak. Iya ƙanƙantar kan jirgi, iya rashin nauyinsa, iya saurin da ƙura ke tsayar da shi. Duk wanda ya share tebur da safe a lokacin hunturu, ya dawo da azahar ya rubuta sunansa a kai da yatsa, ya san abin da ke jiran layi mai milimita 9. HO ma yana son shara, amma nauyinsa na taimakonsa, kuma idan ya ƙi tafiya, mai gyaran rediyo ko salula zai iya buɗe shi ya ga abin da ke ciki.

Na biyu, hannun yaro. Ɗora taragon N bisa layi, ƙafa takwas kowace a mazauninta, aiki ne da ke gajiyar da babba ma. Yaro ɗan shekara takwas zai gwada sau uku, a na huɗu ya kira babansa. Daga ranar jirgin ya zama na baba, yaro ya koma ɗan kallo, kuma abin da aka saya don ya koyi haƙuri ya koya masa cewa ba zai iya ba. Ga kuma ƙanne masu rarrafe, da ke kai duk abin da suka tsinta baki.

To ina za a sami wurin HO? A nan ne ya kamata a sake tunani. Ba dole ne jirgi ya riƙa kewaya ba. Wani ɗan Ingila, Alan Wright, ya tsara abin da ake kira Inglenook: layi guda da ya rabu uku, ɗaya yana ɗaukar tarago biyar, biyu suna ɗaukar uku uku. Tarago takwas ne a fili, a zaɓi biyar da ƙuri'a, mai wasa ya jera su bisa tsarin da ƙuri'a ta bayar, yana gaba yana baya. Jerin da zai iya fitowa 6720 ne. Da gajerun taragon kaya, duka abin bai wuce katako mai tsawon mita ɗaya da rabi da faɗin santimita 30 ba. Kafinta ya yi masa murfi, a gama wasa a rufe, a tura ƙarƙashin gado. Yaron da ke kallon jirgi yana kewaya da'ira zai gundura cikin mako guda. Wanda aka ba wannan wasa kuwa, kullum da sabon lissafi a gabansa.

Malamai, a nan ribarku take, ko da babu mai sayen komai. Darasin eshel yana cikin masu wahalar da ƴan CM2, domin a taswira kawai suke ganinsa. Ku ba su milimita 1435, faɗin layin da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi, su raba da 87: za su sami 16 da rabi, daidai layin HO. Ku ba su mita guda, faɗin layin da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Dosso, su gano da kansu cewa a ma'aunin nan sai an nemi layi mafi siranta, kusan milimita 12. Ku tambaye su: kilomita 284 na Kano zuwa Maraɗi, wane fili zai ci a N? Amsar mita 1775 ce, kuma ranar za su fahimci abin da ya sa ko Turawan ba sa gina hanya duka, sai tasha guda. Sannan su auna ajinsu, su rage shi sau 87, su gina shi da kwali da karan dawa. Yaranmu da ke ƙera mota da waya da gwangwani sun riga sun iya aikin hannun. Ma'auni kaɗai ya rage a ba su. Wannan ma HO ya fi dacewa da shi, don ƙofa mai mita 2 tana komawa milimita 23, abin da almakashi zai iya yankawa.

Ga wanda zai saya, abu uku. Kayan da aka yi don Amurka suna aiki da wutar bolt 110 zuwa 120, tamu kuwa 220 ce. A duba kafin a jona. Sunan HO kaɗai bai isa ba: na Märklin yana da tsarin wutarsa daban, ba ya haɗuwa da na Roco, Piko ko Jouef a layi guda. Kuma OO na Ingila yana hawa layin HO, amma an rage shi sau 76 ne, don haka ya fi girma kaɗan. Wanda ya gauraya ma'auni biyu ya sayi rabin abu sau biyu.

N yana da ranarsa: matashin da ya shiga kwaleji, hannunsa ya faɗa, yana son dogon jirgi, kuma yana da akwati mai rufuwa. Z a bar wa manya masu kabad na gilashi. Ga ɗan firamare a gida mai ƙura da ƙanne, daidai ruwa daidai tsaki: HO, gajerun tarago, katako guda mai murfi. Idan yaro ya iya ɗora jirginsa bisa layi ba tare da ya kira kowa ba, ma'aunin ya yi.