Kai Ka Sayi Kwamfutar, Wa Ya Saukar Maka da Baƙi a Ciki?

Na gode wa shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin wannan mako. Na san an saba a nan da maganar salo da jigo da ƙa'idojin rubutu, to yau ku yi mini haƙuri, kan abin da muke rubutun da shi zan yi magana, kuma da ɗan zafi zan yi ta.

Bara bayan girbi na haɗa kuɗin riɗin da na noma da ɗan abin da nake tarawa, na hau mota daga Gaya, muka bi ta Wudil muka shiga Kano, na sayo laftof ta hannu. Irin ta masu wasan gem ce, mai jar fitila a ƙarƙashin madannai. Mai shagon ya ce ita ce mai ƙarfi, in dai tana ɗaukar wasan ƙwallo ai rubutu ba komai ba ne a wurinta. Gaskiya ya faɗa, ƙarfi kam tana da shi. Abin da bai faɗa mini ba shi ne ba ni kaɗai zan ci moriyar ƙarfin ba.

Kowa ya san yadda muke da wuta a Gaya da Ajingi. Wurin mai caji nake kai ta, in biya, in ɗauko. Ina buɗe ta fanka za ta kama gurnani kamar injin markaɗe, alhali shafi ɗaya na buɗe ina buga labari. Kafin in kammala babi batir ya yi ƙasa. Ranar da na haɗa ta da intanet ɗin wayata don in tura babi guda, datar da na saya ta mako ba ta kai sallar isha'i ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru a daren ƙarshe na wata gasar gajerun labarai. Ina tsakiyar gyaran ƙarshe wata sanarwa ta rufe mini allo, wai kwanakin gwaji na wata manhajar tsaro sun ƙare, in sa katin banki. Na rufe ta, wata ta fito. Kwamfuta ta sandare, batir ya mutu, gyaran awa biyu ya tafi. Ban shiga gasar ba.

Wani abokina da muka yi Poli tare ne ya buɗe mini ido. Ya danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, Task Manager ya fito, ya ce in ƙirga. Manhajoji sama da ashirin ne ke tashi da kansu duk lokacin da na kunna, kuma ko ɗaya ba ni na sa ta ba. Akwai ta kunna fitilun madannai, da kasuwar sayen gem har biyu, da manhajar tsaron nan da wa'adinta ya ƙare, da wasannin jera alewa. Sai kuma waɗanda shagon ya ƙara mini a matsayin gyara: na kallon bidiyo uku, da wata wai mai share datti, wadda ita kanta ce dattin.

Da na ba da wannan labari a taron ƙungiyarmu, wani ɗan'uwa da nake ganin girmansa ya ce, "Kai ma da neman wahala. Marubuci ba bakanike ba ne, ka bar abu yadda ka same shi, ka mai da hankali ga rubutu." Da wannan magana nake faɗa yau, domin na lura ita ce ra'ayin da yawanmu.

Yaushe mai rubutu a ƙasar Hausa ya daina sanin kayan aikinsa? Almajiri da kansa yake fiƙe alƙalaminsa, ya dafa tawadarsa, ya wanke allonsa. Ba a taɓa cewa wannan ya hana shi karatu ba. Mu mutanen Gaya ma ba mu da bakin faɗin haka, tunda tarihin baka ya ce maƙerin nan mai suna Kano daga Gaya ya tashi ya je Dutsen Dala neman tama, har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Wane maƙeri ne zai ce bai san abin da ke cikin zugazuginsa ba? Yau waya da kwamfuta su ne allo da alƙalaminmu. Akwai littattafan da ake karantawa a WhatsApp da Wattpad da aka buga su da babban yatsa a waya. Wanda bai san abin da ke cinye masa batir da data ba, wani ne ke yanke masa tsawon lokacin da zai yi yana rubutu.

Wasu kuma cewa suke yi ai kyauta ce, me zai dame ka da abin da ba ka biya ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ribar da ake samu a jikin na'ura kaɗan ce, shi ya sa masu ƙera ta ke karɓar kuɗi daga masu manhaja don a ɗora musu kayansu tun daga masana'anta. Manhajar tsaro ta gwajin kwana 30 ana sa ta ne da fatan ranar da ta ƙare za ka tsorata ka biya, alhali Windows tana zuwa da nata mai gadin, Defender, wanda ba a biyan ko kwabo. A 2015, da Microsoft za ta fitar da Windows 10, da bakinta ta sanar cewa wasan Candy Crush Saga zai riƙa sauka a kwamfutocin mutane kai tsaye. A 2023 kuma ta saye kamfanin da ya mallaki masu wasan gaba ɗaya. Su ciniki suke yi. Kai ne kake biya da filin ajiyarka, da cajin da ka saya, da datar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a Janairun 2025 a ƙara wa kuɗi har kashi 50 cikin ɗari.

Da a ce a nauyi da cin data abin ya tsaya, da da sauƙi. A Fabrairun 2015 aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da laftof ɗauke da wata manhaja mai suna Superfish. Aikinta cusa talla a shafukan da mutum ke dubawa, amma hanyar da take bi ta karya makullin da ke kare sadarwa tsakaninka da shafuka masu sirri irin na banki. A 2017 kamfanin ya sasanta da hukumar kare masu saye ta Amurka, ya kuma biya jihohi 32 dala miliyan 3.5. A Mayun 2023 masu bincike na Eclypsium suka nuna cewa allunan kwamfuta na Gigabyte, waɗanda masu gem ke rububi, suna da wani shiri a can cikin ƙwaƙwalwarsu da ke saukar da manhaja da kansa ta hanyar da ɓarawo zai iya shiga, sai da kamfanin ya fitar da gyara.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A Agustan 2020 sashen tsaro na kamfanin Upstream ya ba da rahoton cewa wayoyin Tecno W2 kusan 53,000 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu sun fito daga kwali ɗauke da muguwar manhaja mai suna Triada. Ita ce ke jawo wata, xHelper, mai yi wa mutum rajistar abubuwan biya ba da saninsa ba, kati da data su riƙa zurarewa. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta shigo, kuma ya fitar da gyara. Ko ma daga ina ta shigo, talakan da ya sayi waya mai araha shi ya biya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi da naka.

Wasu ƙasashen ba su zauna suna cewa a bar abu yadda aka same shi ba. Koriya ta Kudu tun 2014 ta fitar da ƙa'idar da ta ba mai waya damar goge yawancin manhajojin da suka zo da ita. China ta tilasta irin wannan daga farkon 2023, in ban da manhajojin da waya ba ta aiki sai da su. Dokar Tarayyar Turai ta kasuwannin intanet, wadda manyan kamfanoni suka fara bi a Maris 2024, ta sa Microsoft ta bar mutanen can su goge har da burauzarta Edge. Wato maɓallin gogewa yana nan, an dai zaɓi waɗanda za a ba. Mu ma muna da hukumar kare masu saye, FCCPC, wadda a Yulin 2024 ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220. Hukumar da ta iya wannan za ta iya cewa duk na'urar da za a sayar a Najeriya sai mai ita ya sami ikon goge abin da ba ya so. Amma wa zai matsa mata? Mu da muka iya jera magana mun yi shiru, muna ganin batun bai kai a ɓata masa tawada ba.

Kafin hukuma ta farka, ga abin da na yi, kuma kowa zai iya. Da farko ka kwashe rubuce-rubucenka ka ajiye a wuri biyu, filashi da imel ɗinka, kafin ka taɓa komai. Sannan ka shiga Settings, ka buɗe Apps, ka bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Wasannin da ba ka yi, manhajar tsaro da wa'adinta ya ƙare, masu share datti da masu ƙara gudu, duk ka sallame su. Ka koma Task Manager, sashen Startup, ka kashe duk wadda ba ka buƙatar ta tashi tare da kai. Wannan ba gogewa ba ce, tana nan, sai ka kira ta za ta zo. In da intanet ɗin waya kake aiki, ka shiga saitin Wi-Fi ka nuna wa Windows cewa layin nan na awo ne, za ta rage saukar da kaya a bayan idonka. A wayar Android kuwa, wadda ta ƙi goguwa sau da yawa tana yarda a dakatar da ita, ka kuma hana ta cin data a ɓoye.

Sai dai zan ja kunnen masu zafin hannu, kada garin neman gira a rasa ido. Duk abin da ka ga sunan Intel ko AMD ko Nvidia ko Realtek a jikinsa, ka ƙyale shi, su ne ke tafiyar da hoto da sauti da intanet. A kwamfutar gem, manhajar da ke sarrafa fanka tana da amfani, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma a cikinta ake rage gudu don batir ya daɗe. Abin da ba ka gane ba, ka nemi bayaninsa kafin ka goge. Ka guji jerin umarnin da ake yaɗawa wai danna sau ɗaya ya share komai, in ba ka san abin da ke ciki ba. Haka nan Windows ɗin da wani ya yi wa aski ya sa a intanet, wai mara nauyi. Ba ka san wanda ya yi askin ba, ba ka san abin da ya bari a ciki ba, kuma yawanci ba ta karɓar gyaran tsaro. Ka kori baƙon da ka gani ka shigo da wanda ba ka gani, ina ribar? In sabon zubi kake so, ka sauko da Windows daga shafin Microsoft kanta.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu gyara da masu tura manhaja, sana'arku muna mutunta ta, ba mu iya yi sai da ku. Amma cika wa mutum kwamfuta da kayan da bai nema ba, wasu ma na sata ne da aka fasa musu makulli, ba kyautatawa ba ce. Ku tambayi mai kaya aikin da zai yi, ku sa masa abin da ya dace da aikin.

Akwai wani abu da ya ba ni dariya da takaici a ranar da na gama sharar. Kwamfutar da ta zo mini da wasan alewa da kasuwar gem biyu ba ta zo mini da ƙ da ɗ da ɓ a shirye ba. Madannan Hausa suna nan cikin Windows, kamar yadda suke a Gboard na waya, amma sai ka shiga saitin harshe ka ɗauko su da kanka. Shi ya sa har yau ake turo mana labarai a nan ba a bambanta kafa da ƙafa, ko dauri da ɗauri. Mintin da za ka ɓata kana goge abin da ba naka ba, ka ƙara biyu a kai ka sa haruffan harshenka.

Yanzu caji ɗaya yana kai ni babi biyu, fanka ta yi shiru, datar mako tana kai mako. Labarin da bai shiga gasar bara ba yana nan na gyara shi, yana jiran ta bana. Ɗan'uwana da ya ce marubuci ba bakanike ba ne, ina gayyatarka ka zo da taka kwamfutar taro mai zuwa, mu buɗe ta a gaban kowa mu ƙirga baƙin da ke ciki. In ba su kai goma ba, kuɗin motarka na komawa gida a wuyana.

Allah ya sa mu dace, ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.